Hutun da Ya Ci Mini Magajin Sikeli

Abin da na sa a gaba a waccan daminar ba shi da yawa, yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga shi: sito ɗaya a bakin kasuwar Bagudo, sikeli ɗaya a ƙofarsa, ƙane ɗaya da ya ce ya gaji da tsayuwa gaban sikelin, ɗa ɗaya a jami'a, da dogon hutu ɗaya na makonni takwas da na ware don in gwada ɗan, in ga ko zai iya maye gurbin kawunsa. In ya iya, sito ya zauna a gida. In bai iya ba, dole in jawo bare mu raba shi biyu, domin gwiwoyina sun daina yarda da tsayuwar safe zuwa la'asar.

Fataucin shinkafa nake yi. Da tukunyar gumi ɗaya na fara, wato tukunyar turara shinkafa, a bayan ɗakin uwata, ina turarawa in shanya a tabarma in kai inji a ka. Daga tukunya na koma rabin ganga, daga nan na kama ɗaki, ɗaki ya zama sito. Yau manoma daga Kaoje da Kende da Kurgu, har da ƙauyukan da ke jingine da iyakar Benin, suna kawo mini shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, a kan babur da amalanke da kwalekwale. Ban gaji kowa ba, kuma ban taɓa sayen buhun da ban soka ba.

Ƙanena ne ya riƙe mini sikeli shekara ashirin. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton riƙon sikeli karanta lamba ne. Lamba ita ce ƙarshen aikin. Kafin ka kai gare ta sai ka gaisa da manomi har ya sauke gajiyar hanya, ka tambayi gida da gona da ruwa, ka bar shi ya yi kuka da tsuntsaye da tsadar taki, sannan ka duba kayansa ba tare da ya ji an tuhume shi ba. Manomin da ya ji haushi ba ya faɗa maka. "To, madalla," zai ce, ya naɗe igiyarsa, mako mai zuwa ka hango buhunansa a ƙofar maƙwabciyarka.

To, ƙanen nan nawa ya sayi injin ban-ruwa, ya ce bayan kaka zai koma fadama, wai bayansa ke ciwo. Na ce ban taɓa jin an yi wa ciwon baya magani da dashen shinkafa ba. Ya ce ciwon bayan da mutum ke samu a gonarsa ta kansa daban yake. Daga nan na san ya gama yanke shawara.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don kada a ga kamar ba ni da baki. Yaron nan ɗana ne na fari. A gidajen da muka taso, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Ranar da aka yaye shi uwata ta goya shi ta tafi da shi, a ɗakinta ya girma har Allah ya yi mata rasuwa. In ina nemansa sai in ce wa wanda ke kusa, "Kira mini wancan." In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango, mu rabu lafiya. Na ga matan yanzu suna rungume ɗan fari su ɗauki hoto su watsa wa duniya a waya. Allah ya raya musu. Ni dai bakina bai koyi wannan ba. Duk wata magana mai nauyi tsakanina da shi ta wurin kawunsa take bi.

Na taɓa gwada shi a hutun bara, kwana uku kacal. A rana ta biyu wani dattijo daga Kurgu, wanda yake sayar mini tun ina da rabin ganga, ya iso da buhu huɗu. Bai gama sauko da ƙafarsa daga amalanke ba, yaron ya kwance bakin buhu, ya ɗebi na sama ya murza, ya ce ta yi kyau. Daga nan ya fito da waya ya shiga yi wa dattijon bayanin yadda danshi ke ƙara wa shinkafa nauyi, kashi kaza cikin ɗari, a cire kaza a bar kaza. Da ya gama ya ce, "Baba, ka gane?"

"To, madalla," in ji dattijon.

Shekara guda ban sake ganin amalankensa a ƙofata ba. Tun ranar kawunsa ya sa masa Farfesa. Na ce wa kaina ƙuruciya ce, in aka ba shi makonni takwas cif a gefen kawunsa zai goge.

Hutun ya rage kwana biyar ƙanena ya shigo sito yana sosa ƙeya.

"Yaya, ɗan naki ba shi zuwa sito bana."

"Ɗan wa?"

"To, ɗana. Ɗana ba shi zuwa."

"Mi ya hana shi?"

Ya ce jami'arsu tana tura masu karatun koyarwa makarantun ƙauye a dogon hutu, su yi wa yara darasin hutu, su ma su koyi tsayuwa gaban aji, a ƙarshe malaminsu ya zo ya duba ya ba su maki. An tura shi wani ƙauye bayan Kaoje, wanda in ka yi tuntuɓe a bayan makarantarsu a Benin za ka faɗi. Ni dama da aka ce mini yana karatun lissafi da koyarwa, lissafin kawai na ji. Na ɗauka koyarwar wutsiya ce da aka maƙala don sunan ya yi tsawo.

"Makonni nawa?"

"Takwas."

"Duka?"

"Duka, Yaya. Har da ƙaiƙayin."

Na ce ya faɗa wa ɗan nasa cewa mutumin da ya kasa fahimtar da dattijo ɗaya a kan buhu huɗu, ban san abin da zai yi da 'ya'yan mutane arba'in ba. Ƙanena ya kai saƙon, amma na san ya feƙe masa tsinin a hanya. Yaron ya zo ya durƙusa ya yi sallama, ya ɗaura jakarsa a bayan babur ya tafi. A raina na riga na fara duba cikin matan kasuwa wadda zan iya raba sito da ita ba tare da mun kai juna gaban sarkin kasuwa ba.

Mako na uku na ce wa ƙanena na ji labarin akwai sauran shinkafar rani a wajen iyaka, ya kamata mu je mu duba. Ya dube ni ya ce, "Wane ƙauye, Yaya?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ikon Allah. Duk faɗin ƙasar ga, can shinkafar ta taru." Na ce ya tayar da mota.

Hanyar ba ta da daɗin faɗi. Sau biyu muka sauka aka tura. Mun isa da hantsi, na sa aka kafa sikeli a ƙarƙashin wata ɗorawa, wadda Allah ya sa take daidai tagar wani aji. Ba ni na dasa ta a nan ba.

Daga inda nake zaune ina ganin komai. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya cika allo da rubutu tun daga sama har ƙasa, layi a miƙe kamar shukar igiya. Yana magana yana kallon allon, Turanci na zuba, jefi-jefi ya ɗan saka Hausa kamar mai jin tsadarta. In ya kai ƙarshen layi sai ya juyo ya ce, "Kun gane?" Ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya: "Mun gane, Malam!" Har kwanon rufin yana amsawa. Sai ya yi murmushi ya share allo ya sake cikawa. In ya jefa tambaya, yara uku ne a bencin gaba ke ɗaga hannu, su ukun nan dai, kowane lokaci.

Ni kuwa bayan ajin nake kallo. Can ne aka tara 'ya'yan Fulani da ke zuwa daga ruga, da 'ya'yan Dandawa da Hausarsu ba ta nuna ba, da waɗansu da iyayensu ke tsallaken iyaka. Bakinsu yana motsi tare da na kowa, idanunsu suna wani wuri. Wata yarinya mai kitson Fulani tana cewa "mun gane" tana ƙirga ƙudaje a taga. Na san wannan "mun gane" ɗin. Ita ce "to, madalla" ta dattijon Kurgu, an dai rage mata shekaru.

Da ɗan wata ne da na kira shi gefe na faɗa masa cikin numfashi biyu. Amma nawa ne, na fari kuma. Na zauna da maganar a bakina kamar mai riƙe da garwashi.

Da aka tashi tara ya fito ya gan mu. Ya zo ya durƙusa.

"Inna, kun zo lafiya?"

"Lafiya lau," na ce wa gindin ɗorawa.

"Ya hanya?"

"Da godiya."

Ya koma gefen kawunsa ya tsaya. Daidai lokacin wani manomi Badande ya sauke buhu biyu. Ƙanena ya gama gaisawa da shi, ya kwance bakin buhun farko ya ɗebo ya duba, yana shirin ɗaukar ƙarfen da muke sukar buhu da shi, wani bututu ne mai tsini da ke fito da ƙwaya daga duk inda aka soka. Kafin hannunsa ya kai na daka masa tsawa.

"Kai! Haka aka koya maka? Ka duba bakin buhu ka ce ka ga shinkafa?"

Ya juyo baki buɗe. "Yaya, ai yanzu ni ka shirin..."

"Shekara ashirin kana wanga aiki, har yau ba ka san na sama kullum mai kyau ne ba? Na sama shi ka shan iska, shi ka ganin rana, shi aka gyara don mai saye. Ka taɓa jin buhun da anka tambaya ko ya bushe ya ce a'a?"

"Ni? Ni za ki koya wa sukar buhu? Ni da..."

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi tagar ajin, ya dubi ɗan nasa. Na ga lokacin da maganar ta sauka masa. Allah ya yi wa ƙanena baiwar wasan kwaikwayo da aka yi asararta a bakin sikeli. Nan take ya langaɓar da kai.

"Ki yi haƙuri, Yaya, kaina ne ba ya ja. To, ina za ni soka?"

"Ƙasa. Da baya. Inda ba ya son a taɓa."

"Ko da na gaba sun ɗaga hannu?"

"Buhu nike magana."

"Buhu, buhu. Ni ma shi nike nufi."

Na karɓi ƙarfen na soka ƙasan buhun da kaina. Ƙwayar da ta fito da ɗan sanyi, na ciza ba ta yi ƙara ba. Manomin ya fara sauya fuska, ya ɗauka shi ake shirin kunyatawa. Na ce masa, "Malam, daminar bana ba ta bar ƙasan buhun kowa ba. Ba halinka ba ne, daɓen ɗaki ne. Nawa ma haka suke." Ya saki ajiyar zuciya. Na sa aka shimfiɗa tamfol aka juye.

"To, Yaya, in mun tarar da danshi sai mu mayar masa da kayansa?" in ji ƙanena, da muryar ɗalibi mai ladabi.

"Ba a mayarwa, ba a zagi. Bazawa ake yi, sirara, kowace ƙwaya ta samu rana, kana juyawa da hannunka. Zuwa la'asar ka sake cizawa. In ka bar ta a dunƙule don kana sauri, ranar da babban mai saye ya zo ya soka, kai ne za ka ji kunya."

Ban dubi yaron ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa kawai nake gani ta gefen ido, sun tsaya cik. Aka kaɗa ƙarfen komawa aji bai motsa ba, sai da hedimasta, wani tsoho mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare, ya leƙo ya ce, "Malam, 'ya'yanka suna jira." Kafin mu tafi na bar wa matar hedimasta rabin buhun shinkafa da busasshen kifi, na ce sadaka ce ga baƙin malamai, ko su wane ne.

Kwana shida bayan nan saƙo ya iso ta bakin kawu: a aiko da tsohon mudu, da rabin mudu, da gwangwanin awo, da buhun tsakuwar da muke tsincewa daga shinkafa. Na ce wannan kuma wane irin karatu ne da ke cin tsakuwa? Na haɗa kayan, na ƙara da ƙuli-ƙuli, na ce kuskure ne ya faɗa ciki.

Daga nan ƙanena ya zama mai zuwa ƙauyen kowane mako, wai duba injin ban-ruwan wani abokinsa. In ya dawo sai ya zauna a kan buhu ya ba wa sikeli labari, ni ina ɗinkin bakin buhu a gefe, kunnena a buɗe.

Ya ce Farfesa ya hana amsar taro. In ya gama bayani ba ya tambayar ko an gane, sai ya taka har bayan aji ya miƙa wa yaro mudu ya ce, "Nuna mini." Ranar farko da ya yi haka ya tarar a cikin arba'in, waɗanda suka san abin da ya kwashe mako uku yana rubutawa ba su cika hannu ɗaya ba. Ukun nan na gaba ma haddacewa suke yi, in aka juya musu tambaya sai su tsaya. Ya ce ranar yaron bai ci abincin rana ba, ya zauna a bakin aji ya dafe kai. Hedimasta ya zo ya zauna kusa da shi ya ce, "Yau ka fara aiki. Waɗancan makonni ukun allo ka koyar, kuma allon ya gane."

Tsohon nan ne ya ja shi gida gida. Ya ce masa ba a koyar da ɗan mutum ba a san ƙofar gidan ubansa ba. Suka bi rugage da unguwannin Dandawa da yamma, suna zama a tabarma, ana kawo musu nono ko ruwa a kwanon sha. In yaron ya buɗe baki zai shiga maganar makaranta, sai tsohon ya taka masa ƙafa, ya sake tambayar maigida lafiyar shanu. Sai an gaisa an sake gaisawa, an yi maganar ruwa da ciyawa, sannan a taɓo karatu, shi ma a gefe. A nan yaron ya gano abin da ya sa ajinsa ke zama rabi ranar kasuwa, da abin da ya sa waɗansu ba sa isowa sai rana ta take: sai sun kai nono, ko sun jira ruwan rafi ya sauka. Ya mayar da darasi mai nauyi zuwa lokacin da kowa ya iso.

Ya fitar da su ƙarƙashin ɗorawar nan, ya raba su biyar biyar, kowane rukuni da tarin tsakuwa da abin awo. Ya sa suka koya masa ƙirga da Fillanci da Dandanci, suna dariyar bakinsa har suna faɗuwa. Ƙanena ya ce ya same shi yana "go'o, ɗiɗi, tati," yara na gyara masa kamar ɗan yaye. Abin da ban zata ba, kuma dole in faɗa tunda gaskiya nake rubutawa, shi ne ƙasan buhun nan ba duka ne danshi ba. Yarinyar nan mai ƙirga ƙudaje, da aka ba ta mudu aka ce ta raba wa mutum shida, ta ba da amsa kafin malamin ya gama neman biro. Tun tana ƙarama take raba nono da canji a kasuwa biyu, da naira da sefa, kuɗin Benin. Yaran tsallake kuwa da ya ɗauka ba su san lamba ba, sun sani sarai, da Faransanci suka koya, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Ni na aika shi neman jiƙaƙƙiya, ya tarar har da wadda ta fi ta sama kyau. Wannan a sana'ata ba ya faruwa.

A mako na bakwai malaminsu na jami'a ya iso a bayan babur, wandonsa duk taɓo. Ya duba littafin shirin darasi ya ce an yi rabin abin da aka tsara kawai, ya rage masa maki a nan. Sannan ya shiga aji, shi ma ashe ya san sana'a, ya wuce bencin gaba ya nufi baya. Ya yi tambaya biyar aka amsa masa huɗu. Ban san abin da ya rubuta a takardarsa ba. Ƙanena ya ce makin bai kai na waɗanda suka cinye littafinsu ba, amma malamin ya karɓi mudun ya jujjuya shi ya tambayi inda ake sayarwa.

Yaron ya dawo ana saura kwana huɗu ya koma jami'a. Ya yi baƙi, takalminsa ya buɗe baki. Washegari ba wanda ya kira shi, na tarar da shi a ƙofar sito yana share gaban sikeli. Ƙanena kuwa, wanda ba ya barin abu ya wuce ba a gwada ba, ya riga ya je Kurgu ya lallaso dattijon nan, ya ce masa Hajiya, wato ni, tana cigiyarsa. Da hantsi sai ga amalanke da buhu huɗu. Ƙanena ya tuna wai yana da uzuri a tasha. Ni kuma na shige bayan buhuna da basilla a hannu.

Yaron ya tare shi tun daga bakin hanya, ya kama masa igiyar shanun, ya kawo masa benci da ruwa. Ya durƙusa ya gaishe shi. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar da ya ga yana ɗingisawa, ya tambayi ko ruwa ya shiga gonarsa ta bakin kogi. Dattijon ya fara amsawa a taƙaice, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Da aka zo kan tsuntsaye sai bakinsa ya buɗe. Na ɗinke buhu uku kafin su gama da tsuntsayen nan, yaron bai katse shi ba.

Sannan ya ce, "Baba, ka yarda in duba?" Ya ɗauki ƙarfe ya zagaya bayan kowane buhu ya soka ƙasa. Ya ciza. Ya ce, "Ukun nan sun bushe ƙaƙas. Wannan ɗayan ya ɗan sha daɓe, in mun baza shi zuwa azahar ya daidaita, sai a auna shi tare da 'yan'uwansa, kada a rage maka komai." Da azahar ta yi suka auna, bai fito da waya ba. Ya faɗi nauyin kowane buhu a hankali, ya ce, "Baba, lissafa mini yadda ka ji, kada in zama ni na yi kuskure." Dattijon ya lissafa da yatsunsa, ya faɗa, suka dace.

Da zai tafi ya leƙo inda nake. "Hajiya, ina wancan na bara, mai waya?"

"Ya tafi," na ce.

"Allah ya kiyaye hanya. Wanga shi ne ɗan gida."

Na soki yatsana da basilla ban ji ba. A raina na ce shi ke nan, sito ya zauna. Makonni takwas ɗin da na yi kukan an ƙwace mini, ashe aikina aka je aka yi mini, kuma an yi shi fiye da yadda ni da kawunsa za mu iya, don mu da haushi za mu yi ta gyara shi, yara kuwa da dariya suka gyara shi.

Bayan la'asar muna zaune mu uku a sito, ni a kan kujerata, ƙanena a kan buhu, yaron a bakin ƙofa. Na ce, "Ka faɗa wa ɗan naka, in ya gama karatu baɗi, ga makulli."

Ƙanena ya juya. "Ka ji."

Yaron ya juya wajen kawunsa. Sannan ya ce, "Kawu, ka faɗa wa Inna na gode, Allah ya ƙara girma. Ka ce mata hedimasta ya kusa ajiye aiki, kuma ajin nan ba su da malamin lissafi. Na yi musu alkawarin zan nemi a tura ni can."

Ƙanena ya juyo. "Kin ji."

"Ka tambaye shi, koyarwa tana cika tukunya?"

"Kawu, ka ce mata ba ta cikawa. Amma akwai yarinyar da in ba a tsaya mata ba, a raba nono za ta ƙare, kuma ta fi ni kai."

"Ka ce masa..."

"Yaya, ni ba waya ba ne," in ji ƙanena. "Taku uku ne tsakaninku. Kuma in kina neman wanda ya ɓata miki shiri, ki tuna wa ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa yana zagina a gaban mutane. Da kin bar shi da allonsa, da ya gaji ya dawo miki da kansa."

Na miƙe. Na ce a rufe sito, magariba ta kusa.

Yanzu shekara uku ke nan. Ƙanena yana fadama, bayansa ya warke ranar da ya bar mini aiki. Sito na raba shi biyu da wata mata daga Kende, wadda muka yi shekaru muna ƙwace wa juna manoma. Tana da hannu a sikeli, tana da baki kuma, kullum sai mun yi, kullum sai mun shirya. Yaron yana can ƙauyen, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, rabin buhu yana ci gaba da ɓacewa daga sitona zuwa wurin baƙin malamai.

In na zauna na auna abin, ga yadda yake fitowa. Na rasa rabin sito, na rasa magajin da na ga ya iya da idona, wanda ya fi zafi a kan a ce bai iya ba. Na samu dattijon Kurgu ya dawo. Na samu manoman ƙauyen nan na bakin iyaka, waɗanda yanzu suke wuce sito uku su sauke a nawa, suna tambayar ina ne wurin Innar Malam. Buhunansu ma ina sokawa, kada a ce na canja hali.

Sai abu na ƙarshe, wanda ban san gefen da zan sa shi ba sai da na daɗe ina juyawa. Shekara ashirin da biyar ba ni da abin da zan kira yaron nan da shi. Ran nan ya zo hutu, yana tsaye a bakin sito ya ba ni baya, ina son a miƙo mini ƙarfen suka, ba kowa kusa. Na ji bakina ya ce, "Malam, miƙo mini wancan." Ba sunansa ba ne, kunya ba ta hana ni ba, kowa ma haka yake kiransa. Ya juyo ya ce, "Na'am, Inna."

Na sa wannan a gefe ɗaya, na sa rabin sito a ɗayan. Ban ci riba mai yawa ba, amma ban faɗi ba.